Zobe a Takardar Ƙosai

Ni ce na kafa dokar, don haka kada wani ya ɗora wa gwamnati ko Turawa laifi. Duk ranar da za mu saurari sama, kowa ya shigo harabar tasharmu sai ya kashe wayarsa ya jefa ta cikin akwatin ƙarfe, irin wanda 'yan makarantar kwana ke zuba kaya, in datse da kwaɗo, in rataya makullin a wuyana. Ba mugunta ba ce. Waya guda a aljihu ta fi tauraron da muke saurare ƙara sau miliyoyi, kuma wayar da aka kunna yanzu-yanzu ita ta fi kowacce kwakwazo, don tana laluben sabis.

Sunana Sa'adiya, a ofis Dakta, a bakin mutanen Mpape kuwa Madam mai kwano. Kwanon shi ne wani ƙaton faranti da wani kamfanin sadarwa ya gudu ya bari a kan tsauni, sama da unguwar, har tsuntsaye suka mai da shi gidan gado. Shekara tara na yi ina hawa da sauka a benayen ma'aikatarmu, ina gaida wanda ya isa da wanda bai isa ba, kafin a bar ni in mai da shi kunnen sauraron taurari.

Tauraron da nake bi ya riga ya mutu. Fashewa ya yi, irin wadda masana ke kira sufanoba, a wani gungun taurari da haskensa ke shekaru miliyoyi a hanya kafin ya iso mana. Abin da ya saura shi ne ɓawonsa, yana ta buɗewa ta kowace fuska, kilomita dubbai a daƙiƙa guda. Ɓawon yana fitar da igiyar rediyo. Idan farantai da yawa a ƙasashe daban-daban suka saurare shi lokaci guda, aka haɗa abin da kowanne ya ɗauka, sai hoto ya fito, zobe mai haske. Bana zobe, baɗi zoben ya ƙara faɗi, da haka ake auna gudunsa. Akwai farantai a Turai, akwai a Afirka ta Kudu, tsakaninsu kuwa giɓi ne, kuma giɓin nan daidai kanmu yake.

Sai suka ba mu gwaji guda. Ranar Alhamis, daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, domin rediyo babu ruwanta da rana ko duhu. Awa takwas ba yankewa, ba hayaniya. In mun ci, mun shiga sahu. In mun faɗi, ma'aikata ta riga ta gaya mini a fuska cewa za ta rufe tashar, ta huta da ni da kwanona.

Mu uku ne a tashar. Akwai Baffa maigadi, dattijo mutumin Katsina. Akwai kuma Timothy, injiniyanmu, ɗan Kudancin Kaduna, wanda ya san kowane noti a jikin farantin nan kamar yadda uwa ta san tabon jikin ɗanta. A Mpape yake zaune da matarsa Christina, ƙasan tsaunin. Shi ya raɗa wa tauraron suna. Kullum ya shigo sai ya cire hula ya ce, "Madam, yaya marigayi yau?"

"Yana nan yana ƙiba," in ce.

"To Allah ya ba mu irin mutuwansa. Mu da rai ma ramewa muke."

Kuskuren nawa ƙarami ne, har kunyar faɗinsa nake. Tashar ba ta da takarda, sai muke buga abubuwa a bayan tsofaffi. Cikinsu akwai taswirar Mpape, wadda Timothy ya yi aiki da ita lokacin da ya zaga unguwar lungu-lungu da na'ura a hannu, yana auna inda hayaniyar rediyo ta fi yawa, yana sa alama. Tsauninmu ne a tsakiyar taswirar. A bayanta, da bayan wasu tsofaffin takardun ofis, na buga zobban tauraron, guda biyar, ɗaya cikin ɗaya, kowanne da shekararsa a rubuce, har da na baɗi da muke hasashe, shi da ɗige-ɗige. Na gama da su na jefa a kwando. Baffa kuwa ya saba kwashe takardun kwando ya kai wa Hafsah mai ƙosai a bakin hanya, ita kuma ta riƙa zaɓar masa masu zafi.

Mai yana huda takarda, kowa ya sani. Ƙosai ya zauna a ciki, takarda ta koma kamar gilashi, zobba suka sauka a kan gidajen mutane.

Wanda ya fara ɗaga ta a rana shi ne Ɗanjuma, tsohon mai fasa dutse da nakiya a kwari. Shekara ashirin yana ganin irin zanen nan, da'irar da ke nuna iyakar inda duwatsu za su faɗa idan an tashi nakiya. Ga kuma shekaru a rubuce. Ga shi makonni biyu kafin nan masu rusau sun zo sun baje layin shaguna a gindin tsaunin, kuma layin ya faɗo cikin zoben bana daram. Zoben baɗi ya haɗiye masallaci, coci biyu, kasuwar yamma da gidan Ɗanjuma kansa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Su mutanen Mpape sun gaji da gudu.

Duk wannan daga baya na ji shi. Ranar Alhamis ɗin an yi ta kiran wayar Timothy da ta Baffa don a gargaɗe su, wayoyin kuwa suna kwance a akwati.

Komai ya tafi lafiya har bayan azahar. Farantin yana bin tauraron a hankali, fitilun na'urar ɗauka suna ƙiftawa kore, ni ina ta zagaya ɗaki kamar mai jiran haihuwa. Uku da minti ashirin na ji wata ƙara daga ƙasa, na ɗauka nakiyar kwari ce. Sai na ji ba ta mutu ba, ƙaruwa take yi.

Baffa ya faɗo ɗakin ba sallama, abin da bai taɓa yi ba. "Dakta, gari ne ya taso. Suna hawowa."

Na leƙa taga. Hanyar tsaunin ta cika maƙil. Maza da mata, 'yan kwari da gudumomi, 'yan acaɓa da gorori, wasu da jarkoki. A gaba wani dogo ya ɗaga takarda sama yana juya ta kowa ya gani.

Timothy ya tsaya a bayana ya duba. "Madam, ki buɗe akwati. Ofishin 'yan sanda minti bakwai ne daga nan."

Na dubi agogon bango. Saura minti arba'in.

"Me suke so?" na ce.

"Ban sani ba. Ki kira tukuna, sai mu ji."

"In aka kunna waya a ɗakin nan, shekara tara ta tafi. Ƙofar harabar ta ƙarfe ce, za ta riƙe. Minti arba'in ne kawai, Timothy."

Ya dube ni, ya dubi allon na'ura, ya sake leƙa taga. Sai ya gyara hularsa. "Bari in je in ji. Mutanena ne. Tare muke layin ruwa."

Ban hana shi ba. Gaskiya ma daɗi na ji, na ce zai sayo mini lokaci.

Baffa ya buɗe masa ƙaramar ƙofa ya mayar ya kulle. Daga tagar ina ganin komai, ina jin mafi yawa, don bai fi taku talatin ba. Timothy ya ɗaga hannuwa biyu. "Oga Ɗanjuma, lafiya? Mene ne ya faru?"

Ɗanjuma ya manna masa takardar a ƙirji. "Karanta. Kai ka iya karatu. Gidana yana ciki ko ba ya ciki?"

Timothy ya ɗaga takardar, ya juya ta, ya sake juyawa. Sai ya yi dariya. Dariyar sauƙi ce, ta mutumin da ya gano inda matsala take, amma su ba haka suka ji ta ba.

"Oga, wannan ba plan na rusau ba ne. Star ne. Tauraro ne da ya fashe a sama, nisa, nisa. Takarda biyu ne, gaba da baya, mai ne ya haɗa su."

"Tauraro," Ɗanjuma ya ce, ya juya ga jama'a. "Kun ji. Tauraro ne ya rushe shagon Abdulmajeed."

Wata mata ta kutso. "Shi ne. Wallahi shi ne ya zo ƙofan gidana da wani mashin a hannu yana rubutu. Na ba shi ruwa ya sha."

"Ya zo namu ma."

"Na cikinmu ne yake sayar da mu."

Kowa ya ɗaga waya yana ɗauka. Timothy bai ja baya ba, ƙofa tana bayansa taku uku, bai nufe ta ba. Ya ci gaba da magana, yana nuna farantin, yana zana da'ira a iska, yana kiran mutane da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ya ɗauki minti goma a haka. Har na fara cewa a raina ya ci su da baki.

Dutsen farko bai same shi ba, farantin aka jefa, ya yi ƙara kamar an buga ganga. Na biyu ya same shi a kafaɗa. Wani ya sheme shi da gora a bayan gwiwa, ya durƙusa, sai suka rufe shi. Na ga gorori suna tashi suna sauka. Na ga wani ɗan kwari ya ɗaga tsinin dutse da hannu biyu. Hular Timothy ta fito daga tsakiyarsu tana gangara, wani ya take ta.

Wasu suka haura katanga ta gefe. Suka watsa wa motata fetur suka ƙyasta, suka haɗa da ɗakin gadin Baffa, har buzunsa da butarsa. Ruwan duwatsu ya sauka a kan rufinmu. Ɗaya ya fasa tagar da nake tsaye, gilashi ya tsaga mini gira, jini ya rufe mini ido guda. Na sa mayafi na share don in ga agogo. Uku da minti arba'in da ɗaya.

Baffa ya shigo da gudu, rigarsa tana warin hayaƙi. Ya miƙo hannu. "Dakta, makulli."

"Saura minti goma sha tara, Baffa."

"Kashe shi za su yi."

"Ko na kira yanzu, kafin su iso an gama."

"To ki kira a gama ɗin. Dakta, na haife ki. Ki ji tsoron Allah ki ba ni makullin nan."

Na dunƙule makullin a hannuna ta cikin mayafi. Ya tsaya yana kallona, kallon da har yau ban manta da shi ba. Sai ya juya ya fita. Ta taga na ga ya buɗe ƙaramar ƙofa, ya ratsa gororin nan da tsufansa, ya faɗa kan Timothy ya rufe shi da jikinsa yana salati. Suka yi ta jansa, ya ƙi saki. Gora guda ta sauka a hannunsa, na ji ƙarar ƙashin daga inda nake.

Ni kuwa na juya wa tagar baya, na fuskanci fitilu. Tsoro nake ji, ƙwarai kuwa, amma ba shi ya riƙe hannuna ba. So nake in ci. Shekara tara ana kirana mahaukaciyar kwano, ina so in ga ranar da za su haɗiye maganarsu.

Hafsah ce ta kashe wutar fitinar, ba ni ba. Labari ya kai mata a bakin hanya cewa a kan takardar ƙosanta ake kisa, ta kwaso sauran takardun a zani ta hawo tsaunin da gudu, da ludayin mai a hannu. Mace ce mai jiki da murya. Ta ture maza ta shiga tsakiya, ta zaro takarda ta shafa mata mai ta ɗaga.

"Ɗanjuma, duba nan. Ga zoben naka a kan takardar neman hutu. Hutun ma rushe shi za a yi?" Ta zaro wata. "Ga shi a kan takardar gyaran janareto. Ga wani a bayan sanarwar taro. Kwana nawa ina naɗe muku ƙosai a cikinsu, kuna ci kuna lashe hannu. Guda nawa ne masu taswira? Ku duba da idonku, marasa kunya."

Takardun suka bi hannu-hannu. Gororin suka fara sauka ƙasa. Waɗanda ke baya suka fara zamewa ɗaya-ɗaya, kowa yana sa wayarsa a aljihu. Ɗanjuma ya tsaya da takarda biyu, ɗaya a kowane hannu, yana duba wannan yana duba waccan. Wani ya ce a nemo mota, amma 'yan acaɓa sun riga sun watse, motar da ke kan tsaunin kuma tana ci da wuta.

Ƙarfe huɗu daidai fitilun suka mutu da kansu, na'ura ta rufe ɗauka. Na buɗe akwatin. Huɗu da minti takwas motar 'yan sanda ta iso, Timothy bai yi ƙarya ba a lissafinsa.

Na fita na gan shi. Ban gane fuskarsa ba, da takalminsa na shaida shi. Idon hagu babu shi. Na dama ya kumbura ya rufe, jini yana tsattsafowa ta gefe. Yana numfashi. Baffa yana zaune a ƙasa kusa da shi, hannu a karye, ya ɗora kan Timothy a cinyarsa. Da na matso sai ya kau da kai.

Likitan ido ya gaya mana bayan kwana biyu, a gaban Christina. Na hagu dama ba shi da magani. Na dama jini ne ya taru a bayansa ya danne jijiya, da an kawo shi da rabin awa da wuri, da wataƙila an ceto shi. Ya faɗa ne kawai yadda likitoci ke faɗa, bai san da wa yake ba. Baffa ya koma Katsina ko sallama bai yi mini ba.

Bayan wata uku saƙo ya zo daga cibiyar da ke haɗa hoton a Turai. Mun ci. Sun ce ba su taɓa samun zoben da kaifi irin na bana ba, gefensa na kudu da kullum ke fitowa dishi-dishi ya fito tas, kuma farantinmu ne ya kawo haka. A ƙasa suka ƙara layi biyu. Sun zubar da minti arba'in na ƙarshe na abin da muka ɗauka, hayaniyar wayoyi ta cinye shi gaba ɗaya, amma kada mu damu, abin da ya gabata ya wadatar.

Na karanta sau uku. Ni da na kafa dokar waya guda, na tsaya ina kallon wayoyi ɗari biyu a ɗage taku talatin daga farantina. Allon da ke nuna hayaniya yana gefen agogon da nake ta kallo. Ba zan ce ban gan shi ba.

Na buga hoton a sabuwar takarda, fara gaba da baya, na gangara Mpape ranar Asabar da hantsi. Ban san me ya sa na ɗauko shi ba. Christina ta buɗe ƙofa, ta amsa gaisuwata a taƙaice, ta nuna mini kujera ta ajiye mini ruwa a kofi. Timothy yana zaune a bakin gado da baƙin tabarau, ya rame, sabuwar hula a kansa. Ya ji muryata ya cire ta.

"Madam. Yaya marigayi?"

"Ya ƙara faɗi," na ce. "Sun karɓe mu, Timothy. Sun ce namu ne ya gyara hoton."

Ya yi murmushi da rabin bakin da ke motsi. "Gefen kudu ya fito?"

"Ya fito tas."

"Na gaya miki zai fito." Ya gyara zama. "Minti nawa suka yar?"

Ni kuwa ban gaya masa an zubar da wani abu ba. Na dubi Christina, ita ƙasa take kallo.

"Arba'in," na ce.

Ya gyaɗa kai. "Haka na lissafa. Tun ina fita ƙofa na ga kowa da waya a hannu, na ce shi ke nan, sauran aikin ya lalace, amma abin da muka ɗauka tun safe ya isa. Na ce Madam za ta gani a allo yanzu, za ta buɗe akwati. Shi ya sa ban koma ciki ba. Na ce in riƙe su da magana minti bakwai, kada su taɓa dish kafin 'yan sanda su zo." Ya juyo da tabaran wajen da nake. "Na yi ta magana, Madam. Har sunayen da na sani suka ƙare."

Takardar tana kan cinyata, zoben yana kallon sama. Christina ta taso ta ɗauke kofin ruwan da ban taɓa ba, ta je ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefenta tana jira.